Masu yin man shafawa suna da ƙungiya: mi ya kamata mai saye ya sani?

Wannan karo maganarmu bisa kayan kwalliya take. Ranar kasuwar Badagishiri teburan ƴan koli cike suke da man shafawa, sabuni, turare, hoda, jan-baki, tozali da lalle. Haka abin yake a Ƙonni, Malbaza, Galmi da Illela. Mafi yawan kayan nan ba a ƙasarmu aka yi su ba. Wasu ta Illelar Najeriya suke shigowa, daga Sakkwato, Kano da Legas. Wasu daga Abijan ko Lome. Wasu kuma daga nesa ƙwarai: Faransa, Amurka, Indiya da Sin.

Kwalba ƙarama ce, amma akwai manyan mutane bayanta. Ya kamata mu san su.

Mi ce ce ƙungiyar masu masana'antu?

Manomin albasa guda na Galmi ba ya iya tashi ya tafi Yamai ya ga minista. Amma in manoma da ƴan kasuwar albasa suka haɗu cikin ƙungiya irin ANFO, ana sauraren su. Suna iya kai kuka bisa haraji, bisa tsare motoci a hanya, bisa tsadar taki.

To, masu yin kayan kwalliya su ma haka suka yi, kuma sun daɗe da yi. A Amurka, masu yin turare sun kafa ƙungiyarsu tun 1894. Ta sake suna sau da dama. Tun 2007 ana kiran ta PCPC, ofishinta yana Washinton, kuma kamfanoni kamar 600 ke cikinta. A Turai akwai wata da aka kafa a 1962, wadda tun 2012 ake kira Cosmetics Europe. Ita a Burusel take zaune, ƙasar Beljiyam, domin can ake rubuta dokokin Tarayyar Turai. Faransa tana da tata, FEBEA.

Ƙungiyoyin nan ba su yin mai, ba su saida sabuni. Aikinsu magana. Suna ɗaukar lauyoyi da masana, suna biyan su da kuɗin da kamfanoni ke zubawa. Duk shekara shugabanni suna rubuta ma membobi rahoto, kamar yadda sakataren ƙungiyar manoma ke karanta lissafi bayan kaka. Cikin rahoton suna cewa: ga dokokin da aka so a yi bana, ga waɗanda muka goyi baya, ga waɗanda muka nemi a sassauta, ga hukumomin da muka gana da su, ga abin da ya rage sai baɗi.

Doka ba ta zo da sauƙi ba

A da, kowa na iya dama abin da ya ga dama, ya zuba cikin kwalba ya saida. A 1933, a Amurka, wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makanta mata fiye da 10, guda ta mutu. Gwamnati ta kawo shirin doka a wannan shekara. Masu magani, masu kayan kwalliya da masu talla suka yi ta ja da shi. Sai 1938 dokar ta fito, bayan shekara 5.

A Faransa ma sai da aka yi asara. A 1972 wata hodar jarirai mai suna Morhange ta gauraya da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, da yawan da ya wuce kima. Jarirai 36 suka mutu. A 1975 Faransa ta yi dokar kayan kwalliya, a 1976 ƙasashen Turai suka yi tasu ta tarayya. Yau Turai ta hana sa abubuwa fiye da 1,300 cikin kayan kwalliya.

Daga baya manyan kamfanoni sun gane cewa doka tana da amfani gare su. In mutane suka ji tsoron kwalba guda, sauran kwalabe ma ba su sayuwa. Shi ya sa a ƙarshen 2022, da Amurka ta sabunta dokarta ta 1938, ƙungiyar PCPC ta goyi baya. Sabuwar dokar ta ce kowace masana'anta ta yi rajista. In kaya ya yi ma wani mummunar illa, kamfani ya gaya ma hukuma cikin kwana 15 na aiki. Hukuma kuma ta samu ikon janye kaya daga kasuwa. Amma akwai abin da kamfanonin suke nema ma kansu: doka guda ga ƙasa duka ta fi masu sauƙi da araha bisa ga kowace jiha ta yi tata.

Kada mu ɗauki ƙungiyoyin nan tamkar maƙiya. Kada kuma mu ɗauke su tamkar likita. Ku tuna da kasuwar dabbobi. Dillalin mai sa yana iya zama mutumin kirki, kuma ya san shanu fiye da kai. Duk da haka bakin mai sa ne. Kana sauraren shi, amma kai ne za ka buɗe bakin san ka duba haƙora.

Ina haƙoran kwalba suke?

Suna cikin ƙananan rubutun da ke bayanta. Nan ne karatunmu zai yi muna rana.

Wannan rubutu ma daga ƙungiyar Amurka ya samo asali. A 1973 ta buga littafi, ta ba kowane abin haɗi suna guda. Yau ƙasashe da yawa da sunayen nan suke aiki. Ko kwalba daga Paris ta fito, ko daga Legas, ko daga Abijan, sunan guda ne. Ku nemi kalmar Ingredients. Abin da ke biye da ita shi ne jerin abubuwan da aka haɗa. Ana fara rubuta wanda ya fi yawa, sannan mai bi mashi, har zuwa ƴan ƙanana.

Sunayen suna da tsawo, suna ba da tsoro. Amma da yawansu abubuwan gidanmu ne:

Aqua, ruwa ke nan.
Petrolatum, basilin.
Butyrospermum Parkii Butter, man kaɗe.
Arachis Hypogaea Oil, man gyaɗa.
Sesamum Indicum Seed Oil, man riɗi.
Moringa Oleifera Seed Oil, man ƴaƴan zogale.
Lawsonia Inermis, lalle.
Parfum, turare.

Yanzu duba. In gaban kwalba an zana ƙwallon kaɗe babba, amma a baya sunan man kaɗe ya zo can ƙarshen jeri, to kaɗan aka ɗiga. Ruwa da basilin ka saya da tsadar man kaɗe. Kalmar Parfum kuwa rufin asiri ce. A ƙarƙashinta ana iya haɗa abubuwa da yawa ba a faɗi sunansu duka ba, domin kamfanoni sun nace cewa sirrin sana'arsu ne.

Tun da mun ambaci kaɗe: shi ma yana da ƙungiya. An kafa ta a 2011, ofishinta yana Akara, ƙasar Gana, sunanta Global Shea Alliance. Cikinta akwai manyan kamfanoni, masu fitar da kaya, da ƙungiyoyin matan ƙauye masu tsintar ƙwallo. Tana taro duk shekara. Ta ƙiyasta cewa mata miliyan 16 ke wannan aiki a Afirka, har da na kudancin jihar Doso, wajen Gaya. A watan Agusta 2025 gwamnatin Najeriya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe na wata 6, domin masana'antun gida su samu na matsewa. Masu injuna suka yi murna. Farashin ƙwallo kuwa ya faɗi a hannun mata masu tsinta. Sana'a guda ce, amma ba bakin kowa ke kai wa kunnen gwamnati ba.

Sunayen da za a guje ma

Man da ya fi kawo ɓarna a kasuwanninmu shi ne na sauya launin fata, wanda ake ce ma bilicin. A 2011 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta tara binciken da aka yi a wasu wurare. Cikin mata 100 da aka tambaya, 25 a Mali suna shafa shi, 27 a Senegal, 59 a Togo, 77 a Najeriya. Maza ma sun shiga.

Abu uku ake yawan sa wa ciki.

Na farko Hydroquinone. Yana hana fata yin baƙin da Allah ya ba ta domin kare ta daga rana. Da farko fuska takan yi haske. In an daɗe, sai baƙaƙen tabo su fito bisa kumatu, goshi da wuya, inda rana ke bugu. Tabon nan da wuya ya fita. A ƙasa mai rana irin Adar, abin ya fi muni. Turai ta hana sa shi cikin man shafawa tun 2001.

Na biyu Clobetasol da Betamethasone. Waɗannan magunguna ne na gaske, masu ƙarfi. Likita ne ke rubuta su domin wasu cututtukan fata, na ƴan kwanaki, bisa ɗan wuri kaɗan. Amma sai a sayi ƴar tubu, a matse ta cikin babbar kwalba, a shafe jiki duka safe da dare, shekara da shekaru. Fata takan yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsage cinya da hannu. Ƙuraje da makero su samu wurin zama. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya kawo hawan jini da ciwon sukari. In aka yi ma mace aiki wajen haihuwa, ɗinki yakan yi wuyar kamawa.

Na uku zaiba. Bisa kwalba ana rubuta ta Mercury, Mercure ko Calomel, amma yawanci ba a rubuta ta ko kaɗan. Tana lalata ƙoda, tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana sa rawar hannu da mantuwa. Tana kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ko wanda bai shafa ba yana iya samun ta daga zane da shimfiɗa. A 2013 ƙasashen duniya suka sa hannu bisa yarjejeniyar Minamata, sunan wani gari na Japan inda zaibar masana'anta ta halaka mutane. Nijar da Najeriya suna ciki. A taron Janeba na 2023 aka yanke cewa bayan 2025 ba a yin kayan kwalliya mai zaiba, ba a shigo da shi, ba a fitar da shi.

Akwai na huɗu, na ƴan biki: baƙin lalle mai kamawa nan take. Lalle na gaske ja yake yi, kuma sai an jira. Mai baƙi wuluk yawanci an sa mashi rinin gashi da ake kira PPD. Shi ne dai wanda ke cikin rinin nan da ya makanta mata a 1933. Yana iya sa hannu ya kumbura, ya yi ƙuna bisa zanen ƙunshin. Tozalin dutse mai ƙyalli kuma sau da yawa dalma ce mafi yawanshi. Kada a sa ma jariri.

Wa ke tsaron ƙofa?

Ƙasar Kodebuwa ta hana man bilicin a 2015, Gana ta hana mai Hydroquinone a 2016. A 2010 ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe 8 masu kuɗin sefa, da Nijar a ciki, ta fitar da ƙa'idojin binciken kayan kwalliya kafin a ba su izinin shiga kasuwa. A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da lambar rajista. A 2023 shugabarta, Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa duka.

Dokoki dai ga su. Amma iyaka tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya tana da hanyoyi da yawa, kuma ma'aikacin duwan ba ya iya gane zaiba da ido. Sai an kai ɗakin awo. Mai dama mai cikin bokiti a bayan gida ba ya cikin kowace ƙungiya, ba ya rubuta ma kowa rahoton shekara. Manyan kamfanoni su kansu suna kuka da shi, domin yana kwaikwayon kwalabensu. A nan bukatarsu da tamu ta zo ɗaya.

Saboda haka, kafin ki ba da kuɗi, juya kwalba. Ki duba ko akwai sunan kamfani da garin da yake. Ki duba jerin abubuwan haɗi. Ki nemi ranar lalacewa, wadda ake rubutawa bayan haruffa EXP. Wani lokaci za ki ga zanen ƴar kwalba da murfi a buɗe, da 12M a rubuce: ma'ana a yi aiki da shi cikin wata 12 bayan buɗewa. In kayan Najeriya ne, ki nemi lambar NAFDAC. Ana iya buga lambar ƙarya, gaskiya ne, amma wanda ba shi da lamba ko kaɗan ya riga ya faɗi kanshi. Man da aka ɗura cikin leda ko kwalbar wani abu, ba suna ba rubutu, a bar shi bisa tebur. Haka wanda ya yi alkawarin fari cikin kwana 7.

Ƴan koli, ku ma ku karanta kafin ku sara. Matan da ke saye wurinku ƴan garinku ne.

Wadda ta daɗe tana shafa mai haɗe da Clobetasol ko Betamethasone, kada ta bari rana ɗaya ita kaɗai. Jiki ya saba da shi, ƙuraje da ƙaiƙayi suna iya tasowa da ƙarfi, jiki ya yi rauni. Ta tafi likita mafi kusa, ta riƙe kwalbar da tubun a hannu, domin ma'aikacin lafiya ya karanta ya san yadda za a rage a hankali. Mai ciki kuma ta faɗi man da take shafawa ranar awon ciki, ko ba a tambaye ta ba.

Malaman yaƙi da jahilci na Badagishiri, Illela, Malbaza da Ƙonni, muna roƙon ku: a mako mai zuwa kowane ɗalibi ya zo aji da kwalba ko kwalin sabuni daga gida. A rubuta sunayen nan bisa allo, a karanta su gaɓa-gaɓa, sannan kowa ya nemi su bisa nashi.