Maganin Da Ba Ya Aiki Sai Ya Ga Haske

'Yan'uwana mata, ku da ke Kanya Babba kun san zafin ranar bazara, ba sai an gaya muku ba. To, yau ga labarin wani magani na ciwon sankara wanda haske ne ke tashe shi.

Asalinsa ƙasar Jamus. A 1903 likitoci biyu, Tappeiner da Jesionek, suka shafa wani jan rini a kan sankarar fata, suka haska ta, suka ga ta yi sauƙi. A 1912 kuwa wani likita, Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar irin wannan magani, ya fita rana. Fuskarsa da hannunsa suka kumbura suntum! Sai a 1993 ƙasar Kanada ta yarda a yi aiki da wanda a ke kira Photofrin.

Ga yadda abin ya ke. A kan sa maganin a jiki, a dakata ya taru a wurin ciwon, sa'an nan a haska wurin da jan haske. Maganin ya sha hasken, ya mai da iskar da ke cikin naman ta zama dafi, dafin ya kashe ciwon nan inda ya ke.

Amma fa akwai wuya. Yawancin magungunan nan ba su narkewa a ruwa, kamar man shanu, sai su dunƙule a jini. Don haka masana su kan ƙunshe su cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, su zama 'yan aike. Kun dai san halin ɗan aike. In nagari ne, ya kai saƙo gidan da aka nufa. In shashasha ne, ya watsar a hanya, watau maganin ya zauna a lafiyayyar fata. Wanda aka yi wa allurar Photofrin sai ya guji rana wata guda ko fiye. Ku duba, mace mai zuwa rijiya da kai abinci gona, yaya za ta yi da wannan doka? Ni a ganina gyaran ɗan aiken ya fi muhimmanci gare mu bisa ga ƙarfin maganin.

Sa'an nan hasken ba ya ratsa nama fiye da kamar santimita 1. Ciwon da ya yi zurfi ya wuce shi, sai fiɗa ko gashi.

Wannan ya kawo ni ga 'ya'yanmu zabiya, waɗanda rana ke jawo wa sankarar fata tun suna da ƙuruciya. Uwa, ki sa masa malafa da riga mai dogon hannu. In kin ga ɓawo mai kaushi ko gyambon da ya ƙi warkewa a kunne, ko leɓe, ko wuya, kada ki tsaya shafe-shafe. Kai shi asibitin Ɓaɓura, in ta kama su tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, tun ciwon yana bisa fata.