Ɗakin Gyaran Maƙala

Abin da ya kai ni wata jami'a ta Arewa tambaya ce ƙarama: me ya sa malamai masu digirin dakta, waɗanda da Turanci suka yi karatu kuma da shi suke koyarwa, suke cincirindo a ƙofar wani ɗan ɗaki da ke bayan ɗakin karatu, musamman idan lokacin ƙarin girma ya gabato? Aka yi mini maraba, aka ba ni kujera.

Mai ɗakin dattijo ne, tsohon malamin nahawun Turanci da ya ajiye aiki, sana'arsa a yanzu gyaran maƙalolin da masu bincike za su aika wa mujallun ilmi na ƙasashen waje. Dalilin cinkoson kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin ba a ɗaga malami daga mataki zuwa mataki, balle ya kai matsayin shaihin malami, sai da maƙaloli, kuma an fi ba da nauyi ga waɗanda suka fito a mujallun da ke cikin kundin Scopus, wanda kamfanin Elsevier ya buɗe a 2004, galibinsu kuwa da Turanci ake buga su. Akwai kamfanoni a waje masu yin irin wannan gyara, sai dai da dala suke karɓar lada, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023, ladan maƙala guda yana iya cinye albashin wata na ƙaramin malami.

Ina zaune wata malama mai nazarin ƙuduji a gonakin gero ta yi sallama. Editan wata mujalla ya maido mata da maƙalarta tun kafin ta kai gaban masu tantancewa, da jimla guda, wai ta ba wanda aka haifa da Turanci ya duba mata.

"Allah ya gafarta Malam," in ji ta, "damina uku na yi a gona, rana da ruwa, ina ƙirga tsiro. Da an ce hujjata ce ta yi rauni, da na haƙura na koma gona. Amma ko karantawa ba a yi ba."

Malam ya daɗe yana juya shafuka da jan biro a hannu, bai yi alama ba sai a wurare kaɗan, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Dakta, ajiye takardar. Faɗa mini da Hausa, me kika gano?" Ta faɗa cikin jimla biyu, ba gargada. Ya ce, "To, wannan shi ne kan magana, ke kuwa kin binne shi a can ƙarshe."

Daga nan ya warware mini abin da, a ganina, shi ne asalin matsalar. Ya ce kurakuran nahawu su ne mafi sauƙi, abin da ke kayar da mutanenmu shi ne tsarin zance, domin mun tashi a kan ladabin malanta, inda marubuci kan buɗe da doguwar muƙaddima, ya ambaci magabata ɗaya bayan ɗaya, ya nuna tawali'u, sai a ƙarshe ya fito da natijarsa cikin kunya, alhali edita mai tulin maƙaloli a gabansa yana neman natijar tun a taƙaitawar farko, in bai gan ta ba sai ya ɗora laifin a kan harshe. Ba mu kaɗai ke ɗanɗana wannan ba. Wani bincike da aka buga a mujallar PLOS Biology a 2023, wanda ya tambayi masana muhalli 908 daga ƙasashe 8, ya nuna cewa waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne an fi maido musu da aiki saboda rubutu, fiye da ninki biyu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Yamai, da suka yi karatu da Faransanci, nasu nauyin ya ɗara namu.

Malam yana da haddi a aikinsa. Ba ya taɓa lissafi, ba ya ƙara hujja, ba ya yarda a sa sunansa cikin marubuta, domin a wurinsa maƙala amana ce. Wannan ne ma ya sa yake ɗari-ɗari da gyaran da matasa ke kawo masa daga manhajar kwamfuta, wanda kan fito sumul, amma ya ce ya sha ganin inda mai bincike ya ce mai yiwuwa ne, na'ura ta mayar da maganar tabbas.

Malamar za ta dawo da sabon tsari bayan mako guda. Saura kuɗin bugawa, wanda shi ma da dala ne, don haka kafin ta tashi ta zaro wasiƙar roƙon a yafe mata shi, ta miƙa wa Malam ya duba mata Turancin.