Sare Gindi da Jiran Toho

Yau za mu yi magana a kan kututture.

A ƙasar Japan akwai wata tsohuwar sana'a da ake kira bonsai, wadda asalinta daga Sin ne. Mutum yakan reni itace a cikin kasko, tsawonsa sau da yawa bai wuce gwiwa ba, amma siffarsa ta tsohon itacen daji ce. To, gindi ba ya saurin yin kauri a kasko. Saboda haka sukan dasa itacen a ƙasa, su bar shi shekaru yana girma, sa'an nan su sare shi, a bar guntun kututture kawai. Wanda bai sani ba zai ce an yi ɓarna. Amma saiwar tana nan da ƙarfinta, ba da daɗewa ba toho zai fito. Mai aikin yakan zaɓi toho ɗaya ya zama sabon kai, ya bar shi shekara biyu ko uku ya yi kauri, kana ya sāke sara sama kaɗan. Ta haka gindin ke faɗi a ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Wanda ya yi garajen sara ta biyu kuwa, tabon farko ba zai rufe da kyau ba, ya yi hasarar shekarun da ya jira. Ba kowane itace ne ke jure wannan ba. Akwai waɗanda in ba a bar musu ganye ba sai su mutu.

Mu ba mu da lokacin renon itace don ado, gaskiya ce. Amma Ayuba, a sura 14, ya lura da rai da ke cikin itacen da aka sare, manoman Maraɗi kuma sun ci amfanin wannan. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda dashen da ya yi ta yi yake mutuwa, ya gane cewa ƙananan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan tsofaffin itatuwa. Ya koya wa manoma su bar toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, su cire sauran. An yi masa dariya da fari. Daga baya aikin ya bazu a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar.

Mu dubi namu gida. Tun da aka gama dam na Kainji a 1968, aka ta da ƙauyuka zuwa sababbin matsuguni, bandar kifi da girki suna cin itace a bakin tafki, daga Yelwa har Wara. Gonakinmu na Shanga da Ngaski cike suke da kututturan kalgo da sabara, mu kuwa wuta muke cinna musu kafin damina. A ganinmu, wannan ita ce ɓarnar.

In za mu gwada, adda ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A rage rassan gefe har zuwa rabin tsawon tohon, a ɗaura masa tsumma domin yara da makiyaya su san an bar shi da gangan ne. Shekarar farko awaki ne babban abin tsoro.