Zafi Da Sanyi A Cikin Ɗaki: Abin Da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani Kafin Ya Sayi Na'ura

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, ya san irin cikar ƙasar nan. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hangen ƙauye, da wuya a sami wurin da aka bari saura. Amma mai lura zai ga wani abu kuma ya sake. Da, in ka hango gari sai ka ga soraye da jinka a ƙarƙashin ɗorawa da gawo. Yanzu kuwa ƙyallin kwano ne ya ke fara dukan idonka tun daga nesa. Yawancin masu waɗannan gidaje ma'aikata ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa, waɗanda suka tara abin da suka tara suka koma gida suka yi gini. To, ga su muka nufa da wannan magana, domin da yawansu sun tare sa'an nan suka tarar ɗakin ba ya zaunuwa.

Dalili kuwa a fili ya ke. A ƙasar Kano, cikin watan Afrilu, zafin rana ya kan kai digiri 38 ko 39 a ma'aunin Salshiyas, wata rana har ya haura 40. In hunturu ya yi, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba ya kan sauko wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Ɗakin kwano maras silin yana bin waje sau da ƙafa: da azahar tanda, da asuba randa. Saboda haka mai hali ya kan sa iyakwandishan, daga nan kuma sai ya ji labarin wata na'ura mai wayo wadda Turawa ke kira tamostat, wai ita ce ke daidaita zafi da sanyin gida, har ta rage kuɗin wuta. Kafin mutum ya fid da kuɗinsa, ya kamata ya san mece ce ita.

Asalinta ma wani malamin makaranta ne ya ƙago irin ta lantarki. Sunansa Warren Johnson, yana koyarwa a jihar Wiskonsin ta Amurka, inda sanyi ke da tsanani, a kan hura wuta a ƙarƙashin gini don ɗumama azuzuwa. Mai kula da wutar ya kan riƙa shiga aji aji yana duba ma'auni, yana katse karatu. Sai malamin ya haɗa wata na'ura wadda za ta buga ƙararrawa can wurin mai wuta in zafin aji ya kauce daga yadda a ke so. Ya yi mata rajista a 1883. Irin ta da, ƙarafa biyu ne daban a ke mannewa wuri guda. Da ya ke zafi ba ya miƙar da su daidai, sai su lanƙwashe, lanƙwasar nan kuwa ita ke kunna wuta ko ta kashe. Na zamani suna da wani ɗan ma'auni na lantarki, amma aikin ɗaya ne: in ɗaki ya kai zafin da aka yanka, ta tsai da inji, in ya kauce ta tashe shi.

Mai wayon kuwa, wadda ta fi suna ita ce ta kamfanin Nest, ta fito a 2011, kamfanin Google ya saye Nest ɗin a 2014 a kan dala biliyan 3.2. Wayonta shi ne tana lura da al'adar masu gida, lokacin fitarsu da lokacin kwanciyarsu, ta tsara aikinta bisa haka. In ta ga ba kowa a gida sai ta sassauta, mai gida kuma yana iya ba ta umurni da wayar hannunsa ta intanet. Kamfanin ya ce a gidajen Amurka ta kan rage wajen kashi 15 cikin 100 na abin da a ke kashewa wurin sanyaya gida.

Amma fa a lura, wannan na'ura ba ta yin sanyi, ba ta yin ɗumi. Linzami ce kurum, dokin shi ne injin da ke sanyaya gida da wutar da ke ciyad da shi. An ƙera ta ne domin gidajen da inji guda ke hura iska zuwa kowane ɗaki ta cikin bututu, ita kuma tana haɗe da shi da siraran wayoyi a jikin bango. Iyakwandishan ɗin da aka saba sa wa a ƙasarmu, mai rabi a ɗaki rabi a waje, da rimot a ke sarrafa shi, ba shi da wurin da za a ɗaura masa waɗannan wayoyi. Wanda ya sayo ta don irin wannan ya sayi ado ne na bango. Akwai dai waɗansu, kamar Sensibo, da aka yi musamman su maye gurbin rimot, su ne suka dace da namu.

Saboda haka in har mutum ya ƙudura sai ya saya, ga tambayoyi huɗu da zai yi wa mai kanti. Na farko, ta dace da irin injin da ke gidansa? Na biyu, in wuta ta ɗauke ta dawo, tana tuna tsarin da aka yi mata, ko kuwa sai an sake? Na uku, in ba intanet, a kan iya sarrafa ta da hannu? Na huɗu, shekara nawa kamfanin zai ci gaba da kula da ita? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce. A watan Oktoba na 2025 Google ya daina kula da na'urorin Nest na farko, watau ƙirar 2011 da ta 2012, har ya zama ba a iya ba su umurni da waya, sai dai da hannu.

Har wa yau, a sani kowane iyakwandishan yana da tamostat nasa a ciki, da agogon da a kan sa ya kashe kansa. Abin da ke cinye kuɗi shi ne al'adar saukad da shi zuwa digiri 16 a kuma lulluɓa da bargo. A ƙasar Indiya, tun daga Janairun 2020, hukuma ta wajabta sababbin injuna su fito daga masana'anta a kan digiri 24, ta kuma ce kowane digiri guda da aka ƙara yana rage wajen kashi 6 cikin 100 na wutar. Inji guda ya kan ci wutar fanka goma ko fiye. Mai dogara da sola ko janareta ya sa shi a 25 ko 26, ya haɗa da fanka, zai ga bambanci a aljihunsa ba tare da ya sayi kome ba.

To, mu komo ga ƙauyukanmu, inda gidaje da yawa ba su da wuta mai zama. Magina na da sun warware wannan matsala da ƙasa. Su kan ɗora tubali su yi bango mai kauri, su shimfiɗa azara ta giginya, su zuba ƙasa a kai, su shafe da makuba wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai bayan sa'o'i da dama ya ke isa ciki. Don haka soro ya ke da sanyi da azahar, ya ke da ɗumi da asubar hunturu. Gawo kuma, wanda manoma ke bari a gonaki, da damina ya ke zub da ganye, da rani ya tofo, watau inuwarsa tana zuwa a lokacin da a ke bukatarta.

Ba mu ce soro ba shi da aibi ba. Yana son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, azara kuma ta yi tsada, in kuwa indararo ya toshe cikin marka rufi yana iya ruftawa. Da daren bazara kuma bango ya kan saki zafin da ya sha, shi ya sa a ke kwana a tsakar gida. Amma mai sabon gini yana iya ɗaukar hikimar ya haɗa da kayan zamani. Ya ɗaga rufi sama, ya sa silin, ya bar kafofi tsakanin silin da kwano don iska mai zafi ta fita. Ya shafa wa kwanon farin fenti. Ya yi tagogi masu duban juna, ya ƙanƙanta na arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa, ya dasa darbejiya a yamma. Kuɗin silin na ɗaki guda sau ɗaya a ke biyansa, kuɗin wuta kuwa duk wata.

Misalin irin wannan tunani yana nan kusa da mu. Muhammad Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, sai kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar randa ce da kowace uwar gida ta sani, ya ƙara mata tsari.

Saura gargaɗi guda, kuma shi ya fi duka nauyi. Da hunturu mutane su kan shigad da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa su kwanta. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mai barci bai farka ba. Haka hayaƙin janareta in an kunna shi a cikin gida ko kusa da taga. A ji ɗumi a fid da kasko waje kafin barci, a ƙara wa yara da tsofaffi mayafi. Malaman makaranta su faɗa wa almajiransu wannan, su kuma su kai gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai yi gini bana, ya zauna da magininsa tun kafin a haƙa harsashi, su yi shawara a kan kaurin bango da tsawon rufi da inda tagogi za su duba. In an gama wannan, maganar na'ura ta zo daga baya.