Tsohuwar Tarakta da Abin da Jan Fenti Ya Ɓoye

Duk wanda ya taɓa noma a ƙasar Sinnar ya san damina ba ta jiran kowa. Baƙar lakar nan da take tsattsagewa da rani har ƙafar yaro ta shige, da zarar ta sha ruwa biyu ko uku sai ta zama danƙo, tarakta ba ta shiga, in ma ta shiga ba ta fita. Saboda haka kwanakin huɗa da shuka ƙididdigaggu ne, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, riɗi a gaba, dawa a baya.

Kakanninmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno da ƙauyukan gaɓar Bahar Azrak, da fartanya da salluka suka yi noma. A gabansu aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, auduga ta cika Jazira. Noman inji kuwa a wajen Gadarif ya fara cikin shekarun 1940, daga baya ya iso Dali da Mazmum. Tun daga nan jar tarakta ta Massey Ferguson ta zama 'yar gida a wajenmu.

To, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya taɓa wannan harka ƙwarai. Wad Madani ta faɗa hannun Da'amus Sari' a Disambar 2023, Sinja a Yunin 2024, kuma an kwashe injunan noma da yawa a ƙauyuka. Ko da sojoji suka karɓe Jabal Moya a Oktoban 2024, Sinja a Nuwamba, Madani a Janairun 2025, hanyoyi suka buɗe, sai ya zamana masu neman tarakta sun fi taraktocin yawa. A irin wannan kasuwa ce mu, magidanta kaɗan masu lambuna da gonakin damina, muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar 135 kafin daminar 2025.

Ƙaramar tarakta ce, injinta Perkins mai silinda uku, ƙarfin doki kamar 45. An fara ƙera irinta a 1964, da yawansu a Coventry ta ƙasar Ingila. Tana shiga tsakanin mangwaro da ayaba inda manya ba sa iyawa, ba ta shan jazulin da yawa, kayan gyaranta kuma ba su yanke ba. Shi ya sa muka ƙwallafa rai a kanta.

Ranar da muka je gani, da hantsi ne, mun tarar da ita an wanke, fenti ja sai ƙyalli. Aka murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Ɗayanmu ya dafa injin ya ji ɗumi, amma bai ce komai ba, don a ganinsa rana ce. Wannan shi ne kuskurenmu na farko. Injin dizal ba shi da fulogi, matsin iska ne yake kunna mai, saboda haka injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona kansa. Mai sayarwa da ya ɗumama ta kafin ka iso, ya riga ya rufe maka ido ɗaya.

Kwana uku da kawo ta gida, da asuba, aka yi ta murɗa makulli har batir ya kusa mutuwa. Da ta tashi sai farin hayaƙi, can kuma ya koma shuɗi. Muka aika aka kira wani dattijon bakanike, wanda kowa yake kira Usta. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya zaro sandar awon mai, ya murza tsakanin yatsu, ya ce, "'Ya'yana, wannan ba man injin ba ne, man giya ne." Ashe mai kauri aka zuba don ya toshe inda ƙarfe ya ci, hayaƙi ya ragu, allurar mai ta tashi. Ya sa hannu a bakin bututun numfashin injin, iska tana bugowa kamar zugazugi. Da safe kuma, kafin injin ya yi zafi, ya buɗe murfin lagireto, aka tayar, muka ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya.

Muka ce, "Baba Usta, a canza zobba kawai mana, lokaci ya ƙure." Ya ce in haka muke so mu nemi wani. Gaskiyarsa kuwa. Da aka ɗaga kan injin, gasket ya ƙone ta wajen hanyar ruwa, cikin silinda kuma ya cinye har farce yana kama gaɓa a sama. Sabon zobe a cikin ramin da ya buɗe, wata ɗaya ba zai yi ba. Dole aka sayi hannun riga na silinda da fistin da zobba gaba ɗaya, aka kai kan injin unguwar masana'antu ta Sinnar aka goge fuskarsa ta daidaita. Karanshaf ne kaɗai Allah ya rufa mana asiri, da aka auna bai buƙaci washi ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dalilin ciwon. Matatar iska ta wannan tarakta irin mai kaskon mai ce a ƙasa, iska tana bi ta kan mai, ƙura ta maƙale. Mun tarar da kaskon a bushe, sai ƙasa daskare, robar da ta haɗa matatar da injin kuma ta tsage an naɗe ta da tsumma. A ƙasar da habub yake rufe rana, wannan daidai yake da zuba wa injin yashi da cokali. Robar da kuɗinta bai kai na buhun gawayi ba, ita ta cinye injin.

Sai famfon jazulin. Irin na CAV ne, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, jazulin ɗin da yake bi ta cikinsa shi ne man da yake shafe shi. A shekarun nan da ake sayen mai a jarka a gefen hanya, wani da ruwa wani da kananzir, famfuna da yawa sun mutu a haka. Namu ya tsira da gyara, nozul uku aka canza, da filta. Yanzu ba ma zuba mai sai ya kwana a duro ya kwanta, mu ɗebi na sama.

Mun ɗauka an gama, aka ɗaura garma. Hannuwan baya suka ɗaga, suka riƙa sauka suna zabura kamar mai shaƙuwa. A tsarin Ferguson famfon haidirolik yana zaune ne a cikin man giya, mai ɗaya suke sha. Da aka kwance notin ƙasa, abin da ya fito fari ne kamar kunun gyaɗa, ruwan sama ya daɗe yana shiga ta robar sandar giya. Aka wanke, aka share matatar famfon, aka sa sabon zoben fistin ɗagawa. Agogon awoyin aiki ma ashe wayarsa a cire take, adadin da muka karanta a kasuwa ba shi da ma'ana.

Abu ɗaya muka yi daidai, kuma muna roƙon 'yan'uwa kada su yi wasa da shi. Kafin mu biya, mun gwada lambar da ke kan farantin tarakta da wadda aka buga a jikin injin da abin da ke cikin takardu, aka rubuta ciniki a gaban shaidu. Farantin da aka kankare, ko aka sake dasawa da sababbin ƙusoshi, a bar shi komai araharsa. Wataƙila ta wani manomi ce irinmu a Jazira, kuma ran da ya gane kayarsa, kuɗi da tarakta duk sun tafi, ban da haƙƙi.

Gyaran ya cinye kuɗin da muka ware na iri da mai, har biyu daga cikinmu suka sayar da awaki. Riɗi ya wuce mu, don ranar da ta shiga gona an riga an yi ruwa mai yawa, sai muka shuka dawa a fadan ɗin da suka rage. Birkin hagu har yanzu ba ya kamawa sosai, mai yana tsiyaya a kansa daga robar gatarin baya. Usta ya hana yaranmu bin bakin tur'a da ita, ya ce sai ya dawo ya zare tayar.