Lafiya ga kowa: Wa zai biya kuɗin maganin talakan Minanata?

Idan zazzaɓi ya kama yaro a unguwar Minanata da ke birnin Sakkwato, kemis ne mafi yawan iyaye ke fara nufa. A can ake sayen maganin daidai kuɗin da ke aljihu, wani lokacin rabin abin da ya kamata yaron ya sha. Sai jiki ya yi tsanani ake ɗaukarsa zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a nan ne ake fara neman rance ko sayar da akuya.

Wannan shi ne babban makamin masu goyon bayan tsarin lafiya ga kowa. A Najeriya, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Dokar da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi. Sakkwato ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. Hikimar ita ce mai lafiya ya zuba kaɗan, marar lafiya ya amfana.

Masu ɗari-ɗari da tsarin ba ƙin magani kyauta suke yi ba. Ma'aikacin gwamnati ana iya cire nasa daga albashi, amma ɗan kabu-kabu da mai sayar da kayan miya, waɗanda abin da suka samu yau shi za a ci yau, ta ina za a karɓi nasu? Akwai kuma masu ƙyamar kalmar inshora kanta saboda dalilin addini.

Hujjarsu mafi nauyi tana tsallaken Illela. A 2006 Jamhuriyar Nijar ta ayyana maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Iyaye mata suka yi tururuwa zuwa asibitoci, mace-macen yara kuma suka ragu a shekarun da suka biyo baya. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirta biyan asibitocin kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya yanke a wurare da dama, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je su saya a waje. Kyautar tana nan a takarda, maganin ne babu.

A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Shi ya sa magidancin Minanata, idan aka kawo masa zancen katin lafiya, ba ya musun amfaninsa. Abin da yake son ji shi ne ko zai tarar da ma'aikaci da magani a asibitin unguwa ranar da matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare.