Keke, Gumi da Ofis: Yadda Matan Holan Ke Isa Wurin Aiki Tsaf

Da misalin ƙarfe takwas na safe, duk wanda ya tsaya a bakin titin Vredenburg da ke tsakiyar birnin Utrecht na ƙasar Holan zai ga kekuna suna kwarara kamar an buɗe madatsar ruwa. Fiye da 30,000 ne ke bi ta wannan titi a kowace ranar aiki. Mata sun kai rabin mahayan, wani lokaci ma su zarta. Wata na sanye da doguwar riga da takalmi mai tsini, wata ta ɗora jakar kwamfuta a kwandon gaba, wata kuma ta zaunar da yaro a 'yar kujerar baya, za ta sauke shi a makaranta ta wuce ofis. Da ƙyar za ka ga mai kayan wasanni a cikinsu. Da kayan da suka fito daga gida za su zauna a teburin aiki, su shiga taro, su karɓi baƙi.

Wannan na ba mutane da yawa mamaki, har da Turawan wasu ƙasashe. A Ingila, inda hawan keken maza ya ninka na mata fiye da sau biyu, cikin uzurin da mata kan kawo akwai wannan: yaya zan isa ofis jiƙe sharkaf da gumi, gashi a hargitse, kwalliya ta caɓe? Damuwa ce ta gaske, bai kamata a raina ta ba. Namiji kan shiga ofis rigarsa a jiƙe a ce masa sannu da ƙoƙari. Mace kuwa ido a kanta yake, tun daga kai har ƙafa. Amma idan aka bi sawun wannan gumin, za a tarar rabinsa ba daga jikinta ya samo asali ba, daga titi ne.

Bari mu fara da jikin. Ɗan Adam na da ƙananan maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4 a cikin fatarsa, kuma iri biyu ne. Na farko ya bazu a kusan ko'ina, goshi da baya da tafin hannu, abin da yake fitarwa kusan zallar ruwa ne da ɗan gishiri, ba shi da wari. Na biyu yana hammata da matsematsi, ba ya fara aiki sai mutum ya balaga, kuma ruwansa na ɗauke da maiƙo da furotin. Shi ma a lokacin da yake fitowa ba ya wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hammata ne ke cinye shi, su fitar da sinadaran da hanci ke ƙyama. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka gano ainihin sinadarin da ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, mai suna Staphylococcus hominis, ke amfani da shi wajen wannan aiki. Ma'anar haka ga mai hawan keke a fili take: ƙwayoyin na bukatar lokaci, kuma suna bukatar wurin zama. Macen da ta yi wanka da sabulu kafin ta fito, ta sa wankakken kaya, gumin minti ashirin ba zai sa ta wari ba. Tsohon gumi da ya kwana a fata ko a riga, shi ne ke tashi idan sabo ya taɓa shi.

To me ke kawo gumin tun farko? Tsokar jiki injin ne mai asara. Cikin ƙarfin da take ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka ne ke zama motsi, sauran duk zafi ne. Jiki kuwa so yake ya tsaya kusa da digiri 37, don haka yake fitar da ruwa a fata domin ya bi iska ya tafi da zafin. Ba fitowar gumin ce ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce. Hikimar randa ke nan: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, na ciki ya yi sanyi. Gumin da ya gangara ya ɗiga ƙasa, ko ya maƙale tsakanin baya da jakar goyo, asara ce kawai.

A nan gudu ya shigo. Ƙarfin da mai keke ke kashewa wajen ture iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunsa. Idan ya ninka gudu sau biyu, ƙarfin da zai kashe a kan iska sai ya ninka sau takwas. Macen da ke tafiyar kilomita 15 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ta fi mai tafiyar ƙafa da sauri wahala ba, ga kuma iska na kaɗa ta tana busar da ita. Wadda ta kai 25 kuwa ta shiga motsa jiki sosai. A tafiyar kilomita biyar, bambancin da ke tsakaninsu minti takwas ne kacal. A kan minti takwas ɗin nan ake jiƙa riga.

Sai dai ba kowace ce ke da zaɓin tafiya a hankali ba, kuma wannan shi ne abin da masu ba da shawarar hoda da turare ke mantawa. Macen da ke tsakiyar motoci, bas na hura mata hayaƙi a gefe, direba na danna mata oda a baya, dole ta taka feda da iya ƙarfinta don ta fita daga bakin haɗari. Ga kuma fargaba, wadda ita kanta tana tayar da maɓuɓɓugan nan na hammata. Ta isa ofis zuciya na bugawa, tafin hannu a jiƙe, sai a ce keke ne ya jawo. Mutanen Holan har kalmomi biyu gare su: fietser, wato mai hawan keke don zuwa inda za shi, da wielrenner, mai tseren keke. Titi maras tsari yana mayar da kowace ma'aikaciya 'yar tsere ko ba ta so.

Su ma mutanen Holan ba da tituna masu tsari suka tashi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci sun cika biranensu, aka rushe gidaje don faɗaɗa tituna. A 1971 kaɗai mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗuran hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye, musamman mata, suka fito zanga-zanga a ƙarƙashin taken Stop de Kindermoord, wato a daina kisan yara. Ana cikin haka rikicin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na ɗan lokaci, jama'a suka ga yadda birni yake idan babu rugugin injin. Daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa daban da ta mota. Yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk tafiye-tafiyen da ake yi a ƙasar a kan keke ne, kuma mata sun ɗan fi maza hawa. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai ma'ajiyar da aka kammala a 2019, tana ɗaukar keke sama da 12,000. A Kopenhagen ta Denmak kuwa an saita danjojin wasu manyan tituna yadda mai tafiyar kilomita 20 a awa zai riƙa samun kore a jere, ba sai ya yi ta tsayawa yana sake tayar da keke ba, wanda shi ne aikin da ya fi cin ƙarfi.

Shi kansa keken an ƙera shi ne don mai kayan fita. Mutanen Holan suna kiransa omafiets, keken kaka. Ba shi da sandar nan da ta miƙe daga sirdi zuwa ƙaho, don haka mai siket ko doguwar riga tana zura ƙafa ta hau ba tare da ta ɗage kaya ba. A miƙe take zama kamar a kujera. An rufe sarƙar ruf da murfi, baƙin mai ba ya taɓa tufa. Akwai madigadi gaba da baya saboda taɓo, akwai kuma wata 'yar garkuwa a gefen ƙafar baya da ke hana bakin riga shiga cikin wayoyi. Kaya suna kwando ko jakunkunan da ake ratayawa a kariya, bayanta a sake yana shan iska. A ganina wannan kwandon ya fi kowane turare amfani. A 'yan shekarun nan kuma keke mai batir, wanda ke taimaka wa feda har zuwa kilomita 25 a awa, ya kai kusan rabin sababbin kekunan da ake sayarwa a ƙasar, ya sauƙaƙa wa masu nisa da masu shekaru.

Batun yadi shi ma an gwada shi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Gent ta Beljiyam suka karɓi rigunan mutum 26 bayan sun yi awa guda suna taka keken motsa jiki, suka ajiye su kwana ɗaya, sannan aka sa ƙwararrun masu sansana suka shinshina. Rigunan foliyesta, yadin nan mai roba-roba, sun fi na auduga wari nesa ba kusa ba, domin wasu ƙwayoyin bakteriya sun fi yaɗuwa a kansa. Auduga nata aibin shi ne riƙe ruwa da jinkirin bushewa, shi ya sa sakakkiyar riga mara nauyi ta fi matsattsiya. Dabarar da mata da yawa ke yi ita ce 'yar shimi ta ciki da za a cire idan an isa, a sa wata.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da ke rufe wari da abin da ke hana shi. Turare, komai tsadarsa, rufewa yake yi, idan ya haɗu da tsohon gumi ma sai abin ya ƙara muni. Man hammata mai gishirin alminiyam shi ne ke toshe bakin maɓuɓɓugan na ɗan lokaci, kuma ya fi kamawa idan an shafa shi da dare a busasshiyar fata, lokacin da gumi ya lafa. Alif ɗin nan da ake jefawa a ruwa ya kwanta, ɗan'uwansa ne a sinadari, an daɗe ana goga shi a hammata don rage ƙwayoyin. Kwalliyar fuska kuwa, mai hankali kan bar ta sai ta isa.

Wani abu da ke ruɗa masu farawa shi ne, gumin ya fi zubowa bayan an sauka. Dalili kuwa, jiki na ɗauke da zafin da ya tara, iskar da ke busar da shi kuma ta tsaya cak. Maganinsa a sassauta feda a minti biyar na ƙarshe, a iso da sauran lokaci, a tsaya a inuwa a sha ruwa, a goge wuya da fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle, sannan a sauya abin da za a sauya. Wadda ta yi gaggawar sa sabuwar riga tana sauka, ta jiƙa biyu ke nan.

Mai karatu na iya cewa, ai Holan ƙasar sanyi ce, kuma a shimfiɗe take kamar faifai. Gaskiya ne, bazararsu ba ta kai sanyin safiyar Zinder a watan Afrilu zafi ba. To amma a dubi Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda zafi ke haura digiri 40 kafin faɗuwar damina. Mata a can suna hawan keke da babur ba tare da kowa ya waiwaya ba: masu kai kayan lambu kasuwa, ɗalibai, ma'aikata, wasu da goyo a baya, sanye da atamfa da ɗankwali. Wasu manyan titunan birnin an ware musu gefe na masu ƙafa biyu. Sammako suke yi, a hankali suke tafiya, kuma busasshiyar iskar Sahel tana shanye gumi da wuri. Wahalar ta fi yawa da damina, lokacin da iska ke cike da laima, gumi ya ƙi bushewa, da kuma tsakar rana, sa'ad da iskar ta fi fatar mutum zafi. A irin wannan lokaci maganar ta wuce ta kwalliya, ta zama ta lafiya, ruwan sha ya zama tilas.

A garuruwanmu na Hausa ba kasafai ake ganin babbar mace a kan keke ba, kuma wannan magana ce ta al'ada da kowane gida ke da ra'ayinsa a kai. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mota na cinye wani babban yanki na albashin malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti, kuma 'yan mata 'yan makaranta na hawan keke a wurare da dama. Ga duk wadda ke hawa, abu ɗaya ne ba na so a yi wasa da shi: bakin hijabi ko zane da ke lilo kusa da ƙafar baya. Mun sha jin yadda mayafi ke naɗewa a ƙafar babur ya fizgo mace ƙasa, keke ma haka yake yi. Garkuwar nan ta matan Holan ba ta fi ƙarfin mai gyaran keke na bakin kasuwa ba, da ɗan falle na roba ko raga zai haɗa ta. A sa wa keken yarinya kafin ta sake hawa.

Masu ofisoshi da makarantu da asibitoci kuma, abin da ake nema a wurinsu bai taka kara ya karya ba: rumfa mai inuwa da za a ɗaure keke, da ɗan ɗaki mai ƙofa da ruwa da madubi inda mace za ta kimtsa cikin sutura. Hukumomin da ke shimfiɗa sababbin tituna a biranenmu su ware wa keke gefensa tun a kan takarda, su raba shi da motoci da ɗan dakali, su dasa masa itatuwa.